Fashin baƙi: Ina matan da shaye-shaye ya kama suke zuwa neman magani?

Idan cikin kowane mutum 4 masu shaye-shaye a ƙasar nan 1 mace ce, me ya sa duk wanda ya leƙa inda ake jinyarsu kusan maza zalla yake tararwa? Ba a cika yin wannan tambaya a Zariya ba, alhali maganar shaye-shayen mata ba ta sauka daga bakin mutane. Malamai na yi a kan mumbari, ana yi a gidan biki da gidan suna, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an turo bidiyon wata yarinya a WhatsApp tana layi, an kewaye ta ana ɗauka ana Allah wadai. Daga nan sai a koma kan tsohuwar magana, wai me ya lalata matan yanzu. Ita kuwa wadda ke cikin bidiyon, babu mai bin sawun inda ta kwana.

Lissafin ba na fatar baki ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abin maye a cikin shekara guda kafin a yi binciken, ban da giya da taba. Kimanin miliyan 3 daga cikinsu a nan Arewa maso Yamma suke. Rubu'in adadin duka mata ne, amma a cibiyoyin jinya mata kusan 1 ne cikin 20. Sauran duniya ma ba ta tsira ba: rahoton UNODC na 2024 ya ce cikin mazan da suka kamu 1 cikin 7 na samun magani, mata kuwa 1 cikin 18.

Wasu na ganin wannan tazara su ce ai na matan bai yi tsanani ba ke nan. Ni a ganina tana nuna cewa jinyar da muke da ita an yanka ta ne daidai jikin namiji, kuma abin da mace za ta biya kafin ta shige ta ya fi ƙarfin yawancin mata.

Sha, kamuwa, da wankin jini

Akwai kalmomi uku da muke cuɗawa, kuma cuɗa su ɗin na jawo asara.

Ba duk wadda ta sha ce ta kamu ba. Wancan binciken ya ce kusan 1 cikin 5 na masu sha ne abin ya zame wa cuta. Kamuwa ita ce mutum ya kai inda yana ganin ɓarnar da idonsa, yana so ya bari, amma ya kasa. Ƙwaƙwalwa ta saba, jiki ya saba. Rabin kwalbar da ke isar ta da farko yanzu sai biyu, kuma ranar da ba ta samu ba sai jiki ya rikice.

Wannan rikicewar ita ce abin da iyaye da mazaje suka fi jahilta. Mai shan kodin ko tiramol in ta yanke, cikin yini ɗaya za ta fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ido na hawaye, ga gudawa da amai, ga ciwon ƙashi kamar ana sara, barci kuwa babu. A kwana na biyu da na uku abin ya fi tsanani, yakan lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Gidaje da yawa sun sha yi wa wannan maganin zazzaɓin cizon sauro da taifod ba su san me suke jinya ba. Na masu shan ƙwayar barci, irin su roci da diyazafam, ya fi haɗari, domin yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai. Shi ya sa likita ke rage ta sannu a hankali.

Sai kuma abin da muke kira wankin jini. Uwa za ta zo ta ce, "Likita, don girman Allah a yi mata ƙarin ruwa a wanke jinin nan, biki saura wata biyu." Ƙarin ruwa ba ya wanke kamuwa. Abin da asibiti ke yi a makon farko shi ne raka mutum ya tsallake waccan rikicewar ba tare da ya halaka ba. Jinyar gaske daga nan take farawa: zama da masanin halayya, maganin ciwon da ke ƙarƙashi, koyon yadda za a yi idan sha'awar ta taso, gyara tsakanin mutum da iyalinsa. Masu bincike sun daɗe da lura cewa jinyar da ba ta kai wata 3 ba amfaninta kaɗan ne. A riƙe wannan wata 3 ɗin, za mu dawo kansa.

Ta wace ƙofa mata ke shiga

Namiji yawanci a majalisa ko bayan makaranta yake farawa, da wiwi, cikin abokai. Na mace ya fi zuwa a kwalbar magani. Binciken nan ya nuna a wiwi maza sun yi wa mata nisa ƙwarai, amma a maganin tari mai kodin kusan kunnen doki ake yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ba shi da wari, ba shi da hayaƙi, ana juye shi a robar lemo, kuma ba sai an je wata matattara ba, yaron gida ma ana iya aikensa.

Bayan wani binciken BBC da ya tayar da ƙura, gwamnatin tarayya ta haramta shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Kwalba ta yi tsada ta koma bayan fage, amma waɗanda suka riga suka kamu haramcin bai warkar da su ba. Ga tiramol, wanda NAFDAC ta yarda da mai miligiram 50 da 100 kawai, amma abin da ake kamawa a hannun dillalai mai 200 ne da 225. Ga ƙwayoyin barci. Ga allurar kashe ciwo ta penta, wadda da yawa suka fara ta a gadon asibiti bisa ƙa'ida, musamman masu sikila da waɗanda aka yi wa aiki.

Idan aka zauna da matan aka saurare su, labarin ba ya cika farawa da neman nishaɗi. Ciwon mara ne duk wata. Ciwon baya ne bayan haihuwa ta shida. An yi mata kishiya ta yi wata guda ba barci, ƙawa ta ce, "Ungo wannan, ki sha ki huta da tunani." Sakin wulaƙanci ne aka raba ta da goyo. Mai aikatau ce ko mai tuyar ƙosai da ke tashi kafin asuba, aka ce mata ga mai kashe gajiya. Akwai kuma wadda mijinta ko saurayinta ne ya fara miƙa mata. Ban ce babu masu shiga don gayu da biye wa ƙawaye ba, akwai su, a cikin ɗalibai da cikin matan aure. Sai dai bango ne ke tsagewa kafin ƙadangare ya samu wurin shiga, kuma jinyar da ta kori ƙadangaren ta bar tsagar ba ta yi komai ba.

Wani abu da likitoci suka lura da shi a ƙasashe daban-daban shi ne mata kan fara a makare amma su kamu da wuri. Tsakanin shan farko da lalacewar lafiya, tazarar mace ta fi ta namiji gajarta. To ga saurin kamuwa, ga jinkirin zuwa asibiti.

Abin da za ta rasa in ta buɗe baki

A nan gizo ke saƙar.

Saurayi in ya kamu, ana cewa ƙuruciya ce, abokan banza ne. A kai shi asibitin Shika ko na Barnawa, ya yi wata biyu ya dawo, a saya masa babur ko a buɗe masa shago, bayan shekara biyu a nema masa aure a ce ai ya shiryu. Ɗakinsa na nan yana jiransa. Uwarsa na nan tana kai masa abinci.

Matar aure fa? Kafin ta taka ƙofar asibiti sai ta nemi izini, neman izini kuwa na nufin faɗa wa mutumin da ke riƙe da igiyar aurenta abin da ya isa ya sa ya tsinke ta. Kuɗin mota da na kati da na magani ma daga aljihunsa za su fito. In ya rufa mata asiri, uwar miji fa? Kishiya fa, wadda za ta karɓi girki da yara na tsawon wata 3, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya tambayi ina maman wane? Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, ba tafiyar da za a yi a ɓoye tsakanin azahar da la'asar ba ce.

Tsoro mafi girma shi ne na 'ya'ya. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. Amma an sharɗanta amana, kuma kowace mace ta san ranar da aka ce da ita 'yar ƙwaya a gaban alƙali ko gaban dangin miji, an gama magana. Sau tari ma ba a kai wa kotu, kawai za a zo a kwashe yaran. Don haka lissafin da take yi a zuci shi ne: in na yi shiru ina tare da 'ya'yana, in na nemi magani na rasa su. Ban ga uwar da za ta ci wannan jarrabawa cikin sauƙi ba. Abin takaicin shi ne 'ya'yan nan da suka hana ta fitowa su ne kuma babban dalilin da ke sa mace ta dage ta bari.

Budurwa kuma ba ita kaɗai take ɗauke da sunanta ba. In maganar ta fita, mai neman ƙanwarta ma sai ya ja da baya, domin bincike ake yi kafin aure kuma unguwa ba ta mantuwa. Shi ya sa iyaye ke kulle ta a ɗaki su ce ta tafi wajen gwaggonta, ko su gaggauta aurar da ita da fatan aure zai gyara ta. Aure ba magani ba ne. An dai ɗauke cutar daga gidan da ake tausayinta an kai ta gidan da ba a san da ita ba.

Ga kuma sunan wurin. Sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, wanda ke da sashe na musamman na masu shaye-shaye, nan ne ƙwararrun suke. Amma a bakin mutane sunansu asibitin mahaukata. Macen da aka gani a layin nan ta samu suna biyu a rana ɗaya.

Gidan mari

Inda asibiti ya yi nisa, gidan mari ne ke kusa, kuma ya kamata a fahimci me ke kai iyaye can kafin a zage su. Suna ganin akwai karatu, akwai sirri, an san malamin, kuma an gaji. Uwar da ta yi shekara uku tana ɓoye zinarenta da kuɗin cefane a ƙarƙashin filo ba mugunta ce ke sa ta sa hannu a ɗaure 'yarta ba.

Amma mun ga abin da ke bayan waɗansu katangun. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala. A Oktoba aka fito da 147 daga wani gidan, 22 daga cikinsu mata, kuma kwanaki kaɗan bayan haka aka kai irin wannan samame a nan Zariya. Mace a ɗaure, a hannun maza, ba mai jin kukanta, kowa ya san irin haɗarin da take ciki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana azabtar da mai jinya da ɗaure shi.

Akwai wani haɗarin da ba a faɗa. Wadda aka tsare wata shida ba ta sha ba, jikinta ya manta da sabon da ya yi. In ta fito ta koma kan adadin da ta saba, musamman ta haɗa kodin da ƙwayar barci, numfashi na iya tsayawa. Sai a ce ta kwanta lafiya ba ta tashi ba.

Addu'a da karatu da nasiha suna da gurbinsu, kuma mata da yawa da su suke samun ƙarfin zuciya. Babu abin da ya hana a haɗa su da asibiti. Mari da bulala ne ba su da gurbi.

Mai ciki da mai goyo

Wannan shi ne wurin da kyakkyawar niyya ta fi yin ɓarna. Mace ta gane tana da ciki, tsoron Allah da tausayin abin da ke cikinta suka kama ta, ta zubar da kwalaben a masai a dare ɗaya. Ko kuma miji ya gano ya kulle ƙofa. Ga mai shan kodin ko tiramol kullum, wannan yankewar na girgiza ɗan tayi kamar yadda take girgiza uwar, tana iya jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci, kuma yawanci ana komawa sha. Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014 suka ce mai ciki da ta kamu da dangin waɗannan ƙwayoyi an fi so a ɗora ta kan magani na musamman, metadon ko bufurenofin, a hannun likita, maimakon a yanke mata. Na san masu cewa wannan ai canza ƙwaya da ƙwaya ne. Bambancin shi ne wannan awo ne sananne da ake sha sau ɗaya a rana, ba ya sa maye in an daidaita shi, kuma yana raba ta da dillali. Ba kowane asibiti ke da su ba, amma ko inda babu, ragewa a gaban likita ta fi yankewa a ɗaki nesa ba kusa ba.

Jaririn ma yakan zo da nasa sabon. Kwana ɗaya zuwa uku bayan haihuwa sai ya fara wani irin kuka mai tsini da ba ya jin rarrashi, jiki na rawa, ya kasa kama nono, ga atishawa da gudawa. Na taɓa ganin haka a unguwarmu. Aka yi ta hayaƙi da tofi, tsofaffi na cewa iska ce, wasu na cewa baki ne, ita kuwa mai jegon ta sunkuyar da kai tana hawaye, ta san dalili ba ta da bakin faɗa. Da ungozoma ta sani tun a awo, da an shirya: ɗaki mai shiru da ƙarancin haske, a manna shi a ƙirjin uwarsa, a riƙa shayar da shi kaɗan-kaɗan, in ya yi tsanani a ba shi magani. Abu ne da ake warkewa.

Shayarwa ma sai da shawarar likita. Hanta na juya kodin ya koma mofin, wasu matan jikinsu na yin haka da sauri fiye da kima, sai ya bi nono ya danne numfashin jariri. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada mai shayarwa ta sha kodin ko tiramol.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya: mace ta iya faɗa wa ma'aikaciyar awo gaskiya. In abin da za ta samu shi ne tsawa a gaban layi, "Ke ko kunya ba ki ji, da ciki?", ba za ta faɗa ba, wataƙila ma ba za ta sake zuwa awon ba. In kuwa aka ja ta gefe aka ce, "Baiwar Allah, kowa muna tambaya, akwai abin da kike sha don barci ko don ciwo?", an buɗe ƙofar da babu wani gangami da zai buɗe ta.

Wani ƙaramin bayani mai amfani: waɗannan ƙwayoyi na rikita al'ada, har mace ta ɗauka ta daina haihuwa. Da ta fara samun sauƙi sai ciki ya shiga ba shiri. Maganar tazarar haihuwa na cikin jinyar.

Raunin da ke ƙasa

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna matan da ke zuwa jinyar shaye-shaye sun fi maza ɗauke da tarihin fyaɗe da duka, kuma sun fi fama da ciwon damuwa da fargaba. Ga da yawansu ƙwayar ita ce bargon da suka lulluɓe abin da shi. Ranar da aka yaye bargon sai mafarkai su dawo, faɗuwar gaba ta dawo. In ba a yi maganin wannan tare da wancan ba, komawa za ta yi, kuma ba taurin kai ba ne.

Wannan ne ya sa tsarin wurin jinya ke da muhimmanci. A sa mace ɗaya cikin maza goma sha biyar a ce kowa ya faɗi labarinsa, ba za ta ce uffan ba. Tana bukatar zaman mata zalla, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tana bukatar ma'aikaciya mace a lokacin bincike da gwajin fitsari, ɗakin kwana da banɗaki masu kulle da babu namijin da ke ratsawa, audugar mata, da damar ganin 'ya'yanta ko ma kwana da na goye. Tana bukatar a duba ta ta fuskar cutar ƙanjamau da ciwon hanta ba tare da gori ba, domin wadda kuɗi suka yanke mata akwai masu jiran su saya mata da wata manufa. Kuma kafin a kira miji zaman sulhu, a fara tambayar ta a keɓe ko shi ne ke dukanta, ko shi ne ke kawo mata. A Asibitin Hajiya Gambo Sawaba akwai cibiyar Salama mai karɓar waɗanda aka ci zarafinsu. Irin wannan wuri da masu jinyar shaye-shaye ya kamata a ce hannunsu na cikin na juna.

Inda ake saɓani

Masu kishin abin sun kasu biyu. Wasu na cewa a gina cibiyar mata zalla, da ma'aikata mata da wurin yara. Wasu na cewa a garin da kowa ya san kowa, ginin da aka san na 'yan ƙwaya mata ne babu mai shigarsa, ko mai keke napep ɗin da ya sauke ta ya isa ya kai labari. Gara a saka jinyar cikin asibitocin da mata ke zuwa dama, wajen awo, wajen rigakafin yara, asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ta zo da safe ta koma kafin yara su taso daga makaranta. Ni na fi karkata ga na biyun a matsayin ƙofar shiga, domin mace mai goyo a layin rigakafi ba mai tambayar me ya kawo ta. Amma akwai waɗanda dole sai an kwantar, akwai waɗanda gidan ne ma cutar, su kam ba makawa sai da gadon da aka keɓe musu. Jihar Kaduna na da hukuma ta musamman kan shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, KADSAMHSA, kuma tambayar da ya dace a riƙa yi mata ita ce gadaje nawa ne na mata, mata nawa suka shigo bana, nawa suka kai ƙarshe.

Sai maganar gwaji kafin aure, wadda Buba Marwa, shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ya sha kira a kai. Masu goyon baya na da hujja: babu wanda ya cancanci a rufe shi a aura masa abin da bai sani ba, mace ko namiji. Sai dai gwajin fitsari 'yan kwanakin baya kawai yake gani ga yawancin ƙwayoyi, wadda ta san ranar tana iya dauriya ta tsallake, wadda ta sha maganin asibiti bisa ƙa'ida kuma ta faɗa ciki. Sannan sakamako iri ɗaya ba hukunci iri ɗaya yake jawowa ba. Ango za a ce a ɗaga biki ya gyara, amarya kuwa an fasa ke nan, ita da ƙannenta. Gwajin da babu sirri a cikinsa kuma babu jinya a bayansa zai ƙara tura mata cikin ɗaka ne.

Ranar da ta dawo gida

Ƙididdigar masu bincike a Amurka ta nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi jinya kan sake zamewa, kwatankwacin yadda masu hawan jini da asma ke yi. Mai hawan jini in jininsa ya sake hawa, asibiti ake mayar da shi. Mace in ta zame sau ɗaya, sai a ce dama mun faɗa, a haɗa mata kayanta.

Bukhari ya kawo labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ita kanta giyar a mataki-mataki aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Malamanmu sun san wannan sarai, kuma zan so in ji ana karanta shi a islamiyyun matan aure kamar yadda ake karanta ayoyin azaba.

Wadda aka sallamo tana komawa ɗakin da ta saba sha ne, da ƙawar da ke kawo mata, da kemis ɗin da ya san ta, da matsalar da ta bari. In mijin na sha, jinyarta ita kaɗai aikin banza ne, sai an haɗa da shi. In bazawara ce ba ta da ko sisi, zaman banza da roƙon kuɗin sabulu sun isa su mayar da ita, don haka keken ɗinki ko jarin awara na cikin magani. Tana bukatar mutum ɗaya a dangi, yaya ko gwaggo ko inna, wadda za ta iya kira da tsakar dare ta ce, "Yaya, yau abin ya taso mini," a amsa mata da "Gani nan zuwa," ba tare da an tara mata jama'a ba. Maganin ciwo da na barci a bar su a hannun wani, kuma duk likitan da za ta gani nan gaba, ko na haƙori ne ko na haihuwa, a faɗa masa tarihinta kafin ya rubuta allura.

Ga wadda ba ta kai ga faɗa wa kowa ba tukuna, NDLEA ta buɗe layin waya na kyauta tun 2022, 0800 1020 3040, inda ake magana da masu ba da shawara dare da rana, har da Hausa. Ana iya kira daga cikin ɗaki, bayan yara sun yi barci.